Rigar Nomau Ba Ta Jiƙewa

A Lome na fara gane cewa masu neman 'yan ƙwallo ba ƙwallo suke kallo ba. Mu biyu muka zo, ni daga Dogon Dutsi, da taubashina Nomau, ɗan kawuna na Kore Mairuwa. Ni ɗan gaba ne, ta gefen dama nake bugawa, kuma Allah ya ba ni gudu. Ban da gudun nan, gaskiya ba ni da wani abin kirki. Shi kuwa ɗan tsakiya ne, kuma tunda nake ban taɓa ganinsa yana sauri ba, ko a fili ko a bakin akushi.

Wanda ya kawo mu wani dillalin 'yan wasa ne da ya ce a riƙa kiransa Manaja. A gasar hutun damina ya gan mu a Dutsi, ya bi iyayenmu har gida da daɗin baki, har kawu ya sayar da bijimin huɗarsa, mahaifiyata ta rabu da tumakinta. Makarantar ƙwallon da ya yi ta nuna mana a waya, mai korayen ciyayi da likita, sai ta zama wani gida mai ɗaki uku a bayan kasuwar kifi, samari cunkushe a ciki kamar an zuba gero a buhu. Manaja yana da tumbi, da wayoyi biyu, da takalma masu tsini. Ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba. Ranar da ta gangaro inda yake tsaye, kaucewa ya yi don kada ta ɓata masa takalmi.

A bakin teku muke atisaye, cikin yashi mai cin ƙafa. Yaran da suka zo daga manyan birane kafin rabin sa'a sun fara fitar da harshe. Nomau kuwa gida ya zo, domin filin da ya tashi a cikinsa a Kore Mairuwa yashi ne zalla, wanda ya ce zai yi ta gudu a cikinsa ba zai ga ƙarshen wasa ba. Tun yana yaro ya koyi barin ƙwallo ta yi gudun, shi ya tsaya. Ya taɓa gaya mini cewa wasa da noma duk ɗaya ne a wajensa. Da hauya mai doguwar ƙota ubansa ya koya masa noma, a tsaye, kuma ya hana shi gaggawa a kuyyar farko ta gona don ya kai azahar da ƙarfinsa.

In ka gan shi a fili sai ka ji haushi. Hannuwa a sake, kafaɗa a ƙasa, yana ta waige-waige kamar wanda akuyarsa ta ɓace a kasuwa. Amma kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya san inda za ta. Taɓawa ɗaya, in ta yi yawa biyu, ta wuce. Abokan hamayya kuma sai ka ga suna ta buga masa ita a ƙafa, ka rantse bisa kuskure ne, alhali shi ya riga su zuwa wurin tun suna tunani. In aka ci ƙwallo ka bi sawunta baya, za ka tarar daga ƙafarsa maganar ta taso. Sai dai mutane wanda ya ci suke riƙewa, in sun yi ƙoƙari su tuna wanda ya ba shi. Na ukun ba mai tuna shi.

Kocin da Manaja ya ɗauka yana da wata hanya ta gane ɗan wasa mai kyau. In an tashi atisaye sai ya jera mu, ya bi yana shafa bayan rigunanmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda tasa ta jiƙe ya yi aiki. Da ya zo kan Nomau ya ji rigar a bushe, sai ya tambaye shi ko ba shi da lafiya. Cikin kwana biyu yara suka gano bakin zaren. Ana gab da tashi kowa zai faki ido ya fasa ledar ruwa ya tsiyaya a bayansa. Ni ma na yi, kullum kuwa, ko da yake tawa ta riga ta jiƙe. Na miƙa wa Nomau leda na ce ya taimaki kansa. Ya karɓa, ya yi godiya, ya shanye ruwan.

Wata takwas muka yi a gidan nan muna cin garin rogo da kan kifi, kafin wata ƙungiya a Tunusiya ta ga hoton bidiyona ta ce a turo ni gwaji. Na ce ba inda za ni sai da Nomau. Manaja ya yi ta kumfar baki, ya ce ba zai ɓata sunansa da mai tafiyar hawainiya ba, kamar yana da sunan da za a ɓata. Daga baya ya yarda, don kawu ya dame shi da waya a kan maganar bijimi. A gida aka yi ta sa mini albarka, wai na riƙe zumunci. Zumuncin yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Na san duk duniya ba mai jefa mini ƙwallo daidai inda ƙafata za ta same ta sai shi.

Garin da aka kai mu ƙarami ne, a bakin teku, ƙungiyar kuma ta rukuni na biyu ce. Sanyi da yayyafi muka tarar, mu da rigunan Lome. Abinci taliya da burodi, gobe burodi da taliya. Na yi kewar fura har na yi mafarkinta, Nomau kuma ba abin da yake ambato sai kopto, kwaɗon zogalen da innarsa take yi. In mun shiga motar haya sai kujerar kusa da mu ta zauna ba kowa. A masallaci wani dattijo ya tare mu ya ce mu karanta Fatiha ya ji, wai yana so ya tabbatar mu Musulmi ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nomau kuwa ya gyara tsayuwa ya karanta masa ita a natse, yana jan kowane harafi, har mutumin ya fara duba agogo.

Na ɗauka na baro masu shafa riga a Lome, ashe gidansu na zo. Su a nan da na'ura suke shafawa. Kafin atisaye kowa zai sa wata 'yar matsattsiyar riga mai kama da rigar mama, da aljihu a tsakanin kafaɗu, a cusa wani abu kamar akwatin ashana a ciki. Shi yake auna nisan da ka yi da saurin da ka yi. Wani saurayi mai tabarau yana zaune a gefe da kwamfuta, bai taɓa ɗaga kai ya kalli fili ba. In an tashi ya buga takarda ya manna a ƙofar ɗakin sauya kaya. Sunana ne a sama kullum. Na Nomau a can ƙasa, shi da mai tsaron gida suna gaisawa.

Mutum ɗaya ne a duk wurin yake da idanu, shi ne tsohon da ke wanke mana riguna. Baba Sale muke ce masa. Yana ɗingishi, kuma an ce a zamaninsa shi ma ɗan tsakiya ne. Shi ya ba mu tsofaffin rigunan sanyi ba tare da mun roƙa ba, shi yake ajiye mana burodi mai zafi da man zaitun a ɗakin wankinsa. In an tara riguna sai ya zaro ta Nomau, ya sansana, ya yi dariya, ya linke ta ya mayar masa. Nomau ba ya jin Faransanci sosai, don bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma kullum da la'asar yana ɗakin wankin nan yana taya tsoho haɗa safa. Da hannu suke hira, da ɗan Larabcin allo, da marafan kwalba da suke jerawa a kan tebur a matsayin 'yan wasa. Sai su yi sa'a guda suna tura marafai suna gyaɗa kai. Ni ina ganin ɓata lokaci ne, sai in tafi in ƙara zagaya fili.

A mako na uku aka gaya mana gaskiyar da Manaja ya ɓoye: gurbin baƙo ɗaya ne ya rage a ƙungiyar. Za a yi wasan gwaji na ƙarshe ranar Alhamis, shugaban ƙungiya zai zo da kansa, a ɗauki ɗaya, ɗaya ya kama hanya. Shugaban nan ɗan kasuwa ne mai sayar da tayil, abin da ya sani game da ƙwallo shi ne zagayayya ce. Kowa ya san yadda yake yi. A cikin motarsa yake zama yana waya har a tashi, sannan a kai masa takardar mai tabarau ya duba wanda ke sama. Kocin ƙungiyar kuwa ya san ƙwallo, na ga yadda yake bin Nomau da ido. Amma matsoraci ne na ƙarshe, irin wanda ba ya cewa rana ta fito sai ya ji maigida ya faɗa.

Ranar Laraba Baba Sale ya kira ni ɗakin wanki ni kaɗai, ya rufe ƙofa. Da Faransanci ya yi mini magana, a hankali, don in fahimta. Ya ce shi yake cusa na'urorin nan a riguna kowace safiya, kuma ba mai duba wacce ya sa wa wa. In na yarda, gobe zai sa tawa a rigar Nomau, ya sa ta Nomau a tawa. Gudun da zan yi sai ya hau kan sunan Nomau. Ya ce kocin ya fi kowa son haka, takarda kawai yake nema da zai kāre kansa da ita a gaban maigida.

Na ce to ni fa?

Ya ce mai gudu ba ya rasa kasuwa, ko'ina na je za a gan ni cikin minti biyar. Irin Nomau kuwa ba a ganinsu sai an bar su sun yi shekara, in kuma suka yi shekarar ba mai iya rabuwa da su. Ya ce shekara arba'in yana cikin ƙwallo, irinsa biyu kawai ya taɓa gani. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗan'uwanka ne. Kai za ka sami wata ƙofar, shi wannan ce tasa.”

Abin da na ce masa har yau in na tuna sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Na ce wannan ha'inci ne, addininmu ya hana. Ni da na yi wata takwas ina tsiyaya ruwan leda a bayana, yau ni ne malam. Har da jawo hadisi, rabinsa ma ban iya ba. Tsohon bai yi gardama ba. Ya dube ni kawai, ya buɗe mini ƙofa. Ban gaya wa Nomau komai ba, muka ci taliyarmu yana ta ba ni labarin wani rago da ya taɓa tunkuyar kawu.

Ranar wasan na yi gudu kamar ana bi na da wuƙa. Inda ake bukata na je, inda ba a bukata ma na je, har ƙwallon da ta riga ta fita waje na bi. Nomau yana tsakiya yana yawonsa. Ana cikin haka ƙwallo ta zo masa yana ba ni baya, mutum biyu sun taso masa. Bai ko juyo ba, ya sa gefen ƙafa ya karkatar da ita ta ratsa tsakanin masu tsaron baya, ta zo ta kwanta a gabana kamar an aiko yaro da ita. Ban yi komai ba illa na tura. Bayan hutu ya sake yi mini wata, wannan karon ta sama, na sa kai. Biyu muka ci, duka ni.

Aka kai wa mai tayil takarda a mota. Ya sauke gilashi, ya duba, ya tambaya wanne ne Lawali. Aka nuna ni. Ya ɗaga mini babban yatsa ya ja gilashinsa. Kocin ya wuce Nomau yana kallon ƙasa.

Na raka shi tasha ranar Asabar. Ya cire rigar sanyin da Baba Sale ya ba shi ya ɗora mini a kan tawa, ya ce can inda za shi ba ta da amfani. Na yi ta surutu, ina cewa zan yi masa hanya, zan yi magana da manya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ka rage gudu kaɗan, Lawali. Ka riƙa ɗaga kai.” Na yi dariya na ce ji mai ba da shawara, wanda mai tsaron gida ya kusa tsere wa.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Na ci gaba da gudu, ƙwallo ta daina zuwa. 'Yan tsakiyar da aka bar ni da su 'yan gari ne, masu gyaran gashi da sa turare kafin wasa. In sun jefo mini ita, ko ta bi bayana ko ta tafi wajen 'yan kallo. Kowane mako sunana yana saman takarda, raga kuwa ko girgiza ba ta yi. 'Yan kallon da suka yi mini waƙa a watan farko suka koma yi mini kukan dabbobi. Baba Sale bai fasa wanke mini riga ba, bai kuma fasa amsa gaisuwata ba, amma burodi mai zafi ya ƙare. A shekara ta biyu gwiwata ta hagu ta tafi, ina bin wata ƙwallo da ko mahaukaci ya san ba za a cim mata ba. Mai tayil bai zo asibiti ba. Tikitin jirgi ya aiko da shi ta hannun mai tabarau. Manaja kuwa duka wayoyinsa biyu suka daina shiga.

Nomau bai bar ƙwallo ba. Daga Tunusiya ya faɗa wata ƙungiya a Burkina, daga nan Benin, daga baya ya dawo Yamai, kuma har yanzu da ita yake ci da iyalinsa. Labarinsa iri ɗaya ne ko'ina. Sabon koci zai zo ya gan shi yana tafiya, ya ajiye shi a benci. A sha kashi sau uku, a mayar da shi a ɓoye kamar ana jin kunya, a fara cin wasa. Sai kocin ya tafi gidan rediyo ya ce sabuwar dabararsa ce ta fara aiki. Ba a taɓa kiransa ƙungiyar ƙasa ba, ko da na gwaji. Masu sharhin wasa, waɗanda ke iya yin minti goma suna yabon askin ɗan gaba, sai a tashi ba su ambaci sunansa ba. Duk ƙungiyar da ya bari sai ta zube, a ce alƙalan wasa ne, ko mai tsaron gida an saye shi. Wata ma cewa suka yi doguwa ce ta zauna musu a raga, har da yanka baƙin bunsuru a gindin ƙarfen raga. Ba wanda ya ce ku tsaya, wa ya tafi?

Ni yanzu kabu-kabu nake yi a Dogon Dutsi, gwiwar tana gaya mini in hadari ya haɗu. A tashar babura kullum ana gardamar ƙwallo, yara masu wayoyi suna jero sunayen 'yan wasan Turai kamar 'yan ɗakinsu. In na ce musu ɗan tsakiyar da ya fi kowa a ƙasar nan ɗan Kore Mairuwa ne, sai su kwashe da dariya su ce ai wannan barci yake a fili. Ba na ja da su. Na ga manyansu masu kwamfuta, ba su fi su gani ba.

Maganar ɗakin wanki kuwa ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru. Muna haɗuwa a suna da biki, mu yi wasan taubasai, in ce masa hawainiya, ya ce mini zomo mai ƙafa uku, amma ban taɓa iya buɗe baki ba. Sai daminar bara, da na kai wani fasinja kasuwar Kore Mairuwa, aka ce mini Nomau ya zo hutu yana gonar kawu. Na ajiye babur a bakin hanya na taka. Na same shi shi kaɗai a tsakiyar hatsi, yana tura hauya a tsaye, ba gaggawa, kamar yadda na san shi. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tsaya ina murza makullin babur.

Na ce, “Nomau, akwai maganad da ban taɓa hwaɗa ma ba, tun Tunusiya.”

Bai daina noma ba. Ya ce, “Ta tsoho mai wanki?”

Na tambaye shi wa ya gaya masa.

“Ai ni yah hwara yi ma ita,” in ji shi. “Da marahwan kwalba yag gwada min. Nic ce mai na'urar taka ta, ba tawa ba, shi tambaye ka. Da sahe da yam miƙo min riga yag girgiza kai, sai nis san amsarka.”

Na rasa inda zan sa idona. Duk shekarun nan ina ɗauke da abu a ɓoye, ashe mai abin ya riga ni sani, tun kafin a busa usur. Na tuna taliyar da muka ci, da labarin ragon kawu, da rigar sanyin da ya ɗora mini a tasha. Kunya ta rufe ni, har da haushi, don da ya zage ni tun a lokacin da na fi samun sauƙi.

Na ce, “Kenan ka san abin da niy yi, kuma kab ba ni ƙwallo har sau biyu?”

Sai a nan ya tsaya. Ya jingina da ƙotar hauya ya dube ni kamar na yi tambayar da yaro ma ba zai yi ba.

“Kai na a sarari, Lawali. Wa kake so in ba?”

Ya gyara riƙon hauyarsa, ya nuna ƙafata da haɓa, ya ce in matsa na taka masa hatsi. Na matsa. Ya wuce ni ya ci gaba da kuyyarsa, ni kuma na tsaya ina kallon bayansa. Rigar ta jiƙe sharkaf, ta manne masa tun daga wuya har ƙugu.